Tsohon da Ya Dangwala Yatsa a Masaƙa

Yaya Sagir ya ce mu matso, mu rage murya.

"Abokina Nafi'u abin ya faru da shi," in ji shi, "ba a gari na tsinta ba."

Wata masaƙa a Sharaɗa ce ta ɗauke shi ya kafa mata na'urar dangwala yatsa, mai rubuta lokacin shigar kowane ma'aikaci da fitarsa. Kwana biyu yana ɗaukar yatsun mutane. Rana ta uku da almuru kowa ya tafi masallaci, shi kaɗai ya rage a bakin ƙofa yana naɗe waya.

Sai ga wani tsoho. Riga har ƙasa. Babu sallama.

"Saura ni." Muryar kamar daga cikin tulu.

"Baba, wane sashe kake?"

"Duka."

Nafi'u ya kama hannunsa ya ɗora. Sanyi ƙalau. Na'ura ta karɓa.

"Sunanka fa?"

"Bar wurin haka."

Da tsohon ya juya, rigar ta ɗan ɗage. Yatsun ƙafarsa baya suke kallo.

Washegari allon na'ura ya nuna marar suna ya shiga, bai fita ba. Kwana uku haka. Manaja ya ce, "Goge min wannan shirmen."

"Ranka ya daɗe, a bar shi."

"Ka goge, ko in nemo wani."

Ga mata, ga 'ya'ya biyu. Ya goge.

Da safe ya ɗora yatsansa, na'ura ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya duba babban yatsan. Sumul kamar bayan ƙwai, babu zane ko ɗaya. Amma allo na cewa Nafi'u ya shiga tun asuba.

Masu saƙa suka ce, "Ai mun gan ka a ciki. Mun gaishe ka, ba ka amsa ba."

Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, zanen bai dawo ba. Ya ajiye aikin ya koma gida Gwarzo.

"Yaya, ya warke?" in ji ƙanwata Talatu.

Yaya Sagir ya girgiza kai. "Kullum da yamma a gajiye yake liƙis, auduga cike da gashin kansa, alhali ko zaure bai taka ba. Kada ɗayanku ya bari magariba ta yi masa shi kaɗai a ƙofar masaƙar nan. Kun ji ko?"