Sawun da Ya Kewaye Fili

Ranar Juma'a da safe, Sufeto Mwafulirwa yana shan shayi shi kaɗai a caji ofis na Likwezi, sai ga wani mutum ya faɗo ciki ko gaisuwa babu.

"Yallaɓai, an gama da mu."

"Zauna tukuna. Wane ne kai?"

"Mulepa, sakataren Likwezi United. An fasa ofishinmu, an kwashe katunan 'yan wasa. Duka ashirin da biyar."

Wata bakwai ke nan da aka turo Sufeto wannan gandun shayi daga Karonga, can arewa, inda ya baro matarsa da 'ya'yansa. Bai taɓa zuwa kallon ƙwallo ba. Ya dubi Sajan Nachuma da ta shigo a bayan mutumin, wadda 'yar garin ce, ya ga ta dafe kai.

Ita ta yi masa bayani. Kowane ɗan wasa yana da katin rajista mai hotonsa, kuma alƙalin wasa ba ya hura usur sai ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar da ba ta kawo kati ba, an cinye ta ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Gobe Asabar da ƙarfe uku Likwezi za ta buga wasanta na ƙarshe da Mpenda Hammers, wadda ta fi ta da maki ɗaya. Idan Likwezi ta ci, za ta shiga wasannin neman hawa babban rukuni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"A buga sababbin katuna mana," in ji Sufeto.

"Sai an kai Blantyre, Yallaɓai. Sati biyu. 'Yan Mpenda ne suka yi mana wannan, ko makaho ya gani," in ji Mulepa.

"Yaushe ka ga katunan na ƙarshe?"

"Jiya da safe. Da rana duk gari muka tafi jana'izar mahaifiyar shugaban leburori. Ko kare bai rage a nan ba."

Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne a gefen fili, bayansa kuma shayi ne kore shar har gindin dutse. An fasa gilashin taga, an ɓalle kwabar da ake ajiye katuna. Sababbin ƙwallaye huɗu da takalman wasa suna nan inda suke.

Sufeto ya fita ya durƙusa a ƙarƙashin tagar daga waje. Ya shafa ƙasa da tafin hannu.

"Wa ya share nan?"

"Ba wanda ya taɓa komai," in ji Mulepa.

A cikin ɗaki fasassun gilasai sun watsu ko'ina. A waje kuwa ko tsinke babu, sai shatin tsintsiya. Sajan ta gano gilasan an tattara su cikin wani tsohon gwangwani, an ɗora a kan katanga.

"Yara suna wasa a nan?"

"Kullum, Yallaɓai. Ba takalmi."

Sufeto ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa.

An yi ruwa jiya da rana, ƙasa ba ta gama bushewa ba. Daga taga akwai sawun takalmin roba, irin wanda kowane mai tsinkar shayi yake sawa. Sufeto ya bi shi a hankali. Hanyar gari tana ɗaya ɓangaren filin, kai tsaye. Amma sawun bai ratsa ciyawa ba. Ya bi gefen layi, ya kewaye bayan raga, ya sake bin ɗaya gefen, sannan ya ɓace a kan tsakuwa.

Wani tsoho ne zaune a bayan ragar yana ɗinke inda ta yage. Ya cire hularsa ya gaishe su.

"Baba Namakhwa ne, mai kula da fili," in ji Sajan. "Tun kafin a haife ni yake nan."

"Baba, ka ga wani baƙo jiya?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ina wurin jana'iza."

"Ƙarfe nawa aka rufe ta?"

"Wajen ƙarfe biyu."

Ya mayar da kansa ga ɗinkinsa.

Da la'asar Sajan ta zo da labari. Gwaggonta mai sayar da ƙosan fulawa a mararraba ta ga Lackson, ɗan wasan gaba na Likwezi, a bayan keken haya ya nufi Mpenda daidai lokacin jana'iza.

Aka aika a kira shi daga wurin motsa jiki. Ya taho ta tsakiyar fili yana taku ɗai-ɗai, sai muryar tsoho ta taso daga nesa.

"Kai! Kai mai ƙafar saniya! A kewaye! Ba ka ga ciyawa a jiƙe take ba?"

Lackson ya ɗaga masa hannu yana dariya, ya ƙarasa ratsawa.

"Ina kake jiya da rana?" in ji Sufeto.

"Maƙabarta, Yallaɓai. Ni ma na ɗauki shebur."

"Kai dai Lackson!" in ji Sajan. "Fanareti ba ka iya ba, ƙarya ma ba ka iya ba? Maƙabartar a Mpenda take?"

"Haba Yaya, sau ɗaya fa na zubar."

"Sau biyu. Ina wurin."

Lackson ya sunkuyar da kai. Ya ce gaskiya ya je ganin shugaban Hammers, amma a kan baɗi ne, ko za su ɗauke shi. Har ya ci abinci a gidansa, bai dawo ba sai faɗuwar rana.

"Ƙungiyarka na shirin hawa, kai kuma kana neman gudu?"

"Hawan nawa ne? In an hau, 'yan birni za a sayo, mu a mayar da mu tsinkar ganye. Ku tambayi sakatare takardar da ke aljihun teburinsa. Ni dai na ji ƙishin-ƙishin."

Aka nemi Mulepa. Ya rantse babu wata takarda, ya ce surutun yara ne kawai.

Da yamma Sufeto ya ci tuwon masara da wake a ɗakinsa na bariki. Ya kira matarsa, wayar ba ta shiga ba. Ya daɗe yana duban abin da ya zana a littafinsa, fili mai kusurwa huɗu da ɗigo-ɗigo kewaye da shi.

Asabar da hantsi ya sa aka zo da Mulepa ofis, ya rufe ƙofa.

"Saura awa huɗu. Ko ka ba ni takardar, ko ka je ka yi wa mutanen gari bayani da bakinka."

Mulepa ya share goshi, ya zaro ta daga jaka. Masu duba filaye sun zo watan jiya. Filin Likwezi ba shi da katanga, ba wurin zaman 'yan kallo, ba ɗakin canza kaya. Wasannin neman hawa a Blantyre za a yi su, kuma in ƙungiya ta hau, can za ta koma da zama. Manajan gandu ya riga ya ce in haka ta faru zai dasa itacen turare a filin, saboda makamashin masana'antar shayi.

"Mun ɓoye ne kada 'yan kallo su yi sanyi kafin wasa, Yallaɓai."

"Wa ya sani?"

"Ni da shugaban ƙungiya da manaja. Shi ke nan."

"Ran da aka zo awo, wa ya riƙe musu igiya?"

Mulepa ya dafe kai.

Sufeto ya juya ga Sajan. "Ƙarfe nawa aka rufe tsohuwar nan shekaranjiya?"

"Ƙarfe biyu aka sa. Amma ruwa ya cika kabarin, sai da aka kwashe da bokitai. Ba a rufe ta ba sai bayan huɗu." Muryarta ta yi ƙasa. "Yallaɓai, ba zai yiwu ba. Baba Namakhwa ne fa ya koya wa rabin yaran nan buga ƙwallo."

"Mu je."

Sun same shi a ɗan rumbunsa na kwano a ƙarshen fili, yana dama farar ƙasa a bokiti. Tabarma ɗaya ce a ciki, da kofi ɗaya, da rediyo marar murfi. Gidansa yana cikin layin leburori, amma Sajan ta ce ya fi yini a nan.

Sufeto ya zauna a kan wani bulo. Bai yi sauri ba.

"Baba, ɓarawon da nake nema ya fasa taga, ya tsaya ya share gilashi don kada yara su yanke. Yana gudu da kayan sata, amma bai yarda ya taka jiƙaƙƙiyar ciyawa ba. Kuma ya san an sa jana'iza ƙarfe biyu, bai san ruwa ya kai ta ƙarfe huɗu ba."

Tsohon ya ci gaba da dama farar ƙasarsa da sanda. Can ya ajiye sandar, ya goge hannu a wandonsa. Ya je ga wani duro na farar ƙasa, ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya zaro ƙunshin leda mai ninki uku.

Sajan ta kwance. Katunan ne, a jere bisa lambar riga, daga mai tsaron gida zuwa ƙasa. Ko ɗaya bai jiƙe ba.

"Me ya hana ka ƙona su?" in ji Sufeto.

"Fuskokinsu ne a jiki, ranka ya daɗe. Na san iyayensu."

"To don me, Baba?" in ji Sajan. "Don me?"

"'Yata, ni ba faɗuwarsu nake so ba. So nake su tsaya inda suke." Ya zauna a bakin tabarma. "Shekara talatin da ɗaya ina yanke ciyawar nan da lauje. Mai ɗakina ta rasu shekara shida ke nan. Ɗana yana Joni, can ƙasar waje, rabon da in ji muryarsa har na manta. Daga Litinin zuwa Juma'a sai in yini ban yi magana da kowa ba, sai dai in daka wa mai ratsa fili tsawa. Ranar Asabar kuwa mutum dubu ne ke wucewa ta gabana, kowa na cewa, Baba ya fili? Masu awon nan a gabana suke magana, ina riƙe da bakin igiya, kamar da turke suke tsaye. Na ji komai. Na ce a raina, shekara ɗaya kawai. In sun rasa bana, na sami shekara ɗaya."

Daga bakin hanya an fara jin ƙahonni da waƙa, manyan motocin 'yan kallo sun fara isowa.

Sufeto ya miƙa wa Sajan ledar. "Kai wa sakatare, ya sa hannu ya karɓa. Kada ki ce komai sai an tashi wasa."

Da ta fita ya miƙe. "Baba, ka fasa ɗaki, ka ɗauki abin da ba naka ba. Dole mu tafi ofis."

"Na sani." Tsohon ya dubi bokitin. "Amma ban ja layi ba. Ruwa ya wanke na makon jiya. Alƙali ba zai yarda a buga ba."

Sufeto ya duba agogo. Ƙarfe ɗaya da rabi.

"Minti nawa?"

"Arba'in, in da mai riƙe mini igiya."

Sufeto ya cire hularsa ya rataye a jikin ƙusa, ya naɗe hannun riga. Mutanen da suka fara taruwa suka yi ta mamakin ganin babban ɗan sanda durƙushe a kusurwar fili yana jan igiya, tsoho na bin ta da gwangwani mai huji. Wasu suka yi ta ihu, "Baba ya fili? Yau har da ɗan sanda ka samu lebura!" Tsohon kuwa yana ɗaga musu hannu, bai ɗago kai ba.

Da suka gama, tsohon ya wanke bokiti ya kife, ya ja ƙofar rumbu, ya miƙa wa Sufeto makullin.

Ba a sa masa ankwa ba. Suka bi 'yar hanyar baya ta cikin shayi, wadda ta haura tudu zuwa caji ofis, tsohon a gaba, Sufeto a baya. Tafiyar ba ta sauri, don gwiwoyin tsohon ba su da ƙarfi, sau biyu suna tsayawa ya huta. Suna tsakiyar tudu suka ji usur. Ba su waiga ba.

Sun kusa kaiwa ƙofar ofis sai wani ihu ya tashi daga ƙasa, ya cika kwarin gaba ɗaya. Tsohon ya tsaya cak, ya karkata kunne.

"Namu ne," in ji shi.

"Ya aka yi ka sani?"

"In na baƙi ne, gajere yake, daga gefe ɗaya. Wannan har da mata."

Ya tsaya har ihun ya lafa. Sufeto bai matsa masa ba. Sannan tsohon ya goge ido da bayan hannunsa, farar ƙasa ta yi masa zane a kunci, ya kakkaɓe takalmansa a bakin ƙofa ya shiga.