Motar Da Ta Daina Magana

Ƙarfe bakwai da kwata na safe aka bugo waya caji ofis cewa motar shara ta take wani tsoho makaho a bakin get ɗin gidansa, kuma in ba a yi sauri ba gawar za ta zama biyu.

Ba ta zama biyu ba, amma saura ƙiris. Sufeto ya iso ya tarar da direban motar sharar zaune a ƙasa, an fasa masa baki, ido ɗaya ya rufe. Mutanen layin sun kewaye shi, kowa ya zama shaida, alhali babu wanda ya ga komai. Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya san yadda jama'a ke son mai laifin da ba ɗan layinsu ba.

"Saja, sa shi a mota kafin su ƙarasa shi," ya ce.

Tsohon yana kwance a gefen titi, an rufa masa zane. Baba Rediyo ake ce masa, don gyaran rediyo ya yi har idonsa ya tafi. Da Sufeto ya ɗaga zanen sai ya ji murya ƙasa-ƙasa tana fita daga aljihun mamacin. Ƙaramar rediyonsa ce, tana nan tana karanta labarai abinta. Sufeto ya sa hannu ya kashe ta.

A hannun daman tsohon akwai tsumma jiƙaƙƙe, ya damƙe shi gam.

"Wane ne nasa a nan?"

Wani mutum mai kimanin shekara arba'in ya matso, idonsa jawur. Ɗansa ne, mai kemis a bakin kasuwa. Bayansa ƙanwarsa ce, tana kuka marar sauti.

"Kana ina lokacin da abin ya faru?"

"Ina ɗaki, Yallaɓai. Ihun mutane ne ya fito da ni."

"Ya saba fita titi shi kaɗai?"

"Wani lokaci yakan fita."

Sufeto ya leƙa cikin gidan. Sandar tsohon tana jingine a bango, can ciki, kusa da famfo. Ya dube ta, ya dubi mai kemis.

A ofis, direban ya fara da ƙarya, kamar yadda mai tsoro yake yi.

"Ko sauka ban yi ba, Yallaɓai. Jawo ni suka yi daga mota."

"Jinin da ke hannun rigarka na bakinka ne?"

"Nawa ne."

"Har bayan gwiwar hannu?"

Direban ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Na sauka. A kwance na same shi, na ɗaga kansa in ga ko da sauran rai. A haka aka gan ni. In na ce na taɓa shi, wa zai yarda da ni?"

"Ka san shi?"

"Shekara shida ina bin layin nan. Tun daga kwana yake gane motata. Yakan ce min, 'Direba, belin injinka ya saki, tun jiya yake kuka.' In na je gareji sai a ce haka ne. Yallaɓai, motata kurma ma yana jin ta a ƙirjinsa. Ta yaya mutumin nan zai shiga gabanta?"

Tambayar ta zauna wa Sufeto a rai. Amma babban jami'in ofishin ya riga ya sa a buɗe fayil, kuma ya ce gobe da safe za a kai direban kotu. A benci na waje matar direban tana zaune da kwanon abincin da aka hana ta shiga da shi.

Likitan da ya duba gawar ba mai yawan magana ba ne.

"Da babbar mota ce ta bi ta kansa, da ba haka zan gan shi ba," ya ce. "Ƙirji ne ya karye, da kafaɗa. Ƙafafunsa lafiya lau."

"Ma'ana?"

"Ba a tsaye yake ba. A tsugune abin ya same shi, kuma ba da gudu ba. Turo shi aka yi a hankali, aka danne."

Da hantsi Sufeto ya koma gidan. Mai kemis ya tafi asibiti karɓo takardun gawa, ƙanwarsa ce ta buɗe masa.

"Kin ji fitar mota da safen nan?"

"A'a. Ina kicin ina wanke-wanke, amma tagar a buɗe take. Da Yaya ya tayar da mota da na ji."

Bai ga alamar ƙarya a fuskarta ba. Maƙwabci ma haka ya ce, babu motar da ta yi ƙara a layin kafin ta shara.

Motar mai kemis tana ƙarƙashin rumfa, hancinta na kallon gida, bayanta na kallon get. Irin motocin nan ne masu amfani da fetur da batir. An yi ruwa jiya, laka ta ɓata mata jiki. Sufeto ya zagaya bayanta ya tsuguna. Rabin bambar baya, ɓangaren hagu, an goge shi fes. Daga tsakiya kuma laka ce, sai sawun tsumma da ya fara tafiya ya tsaya a hanya.

"Wa yake wanke motar nan?"

"A wajen wanki Yaya yake kaiwa," ta ce, sannan ta ƙura wa bambar ido kamar wadda ta tuna wani abu.

Ya ɗauko makullin da ke rataye a falo ya buɗe motar. Ƙarƙashin sitiyari, ta hannun hagu, akwai wani ƙaramin maɓalli baƙi da bai yi kama da 'yan uwansa ba. An huda roba an cusa shi, ɓarɓashin hujin ma yana nan a kan kafet. A aljihun ƙofa ya sami katin wani mai gyaran wutar mota.

Rewaya ake kiran mai katin. Shagonsa cike yake da tsofaffin batura da wayoyi a rataye kamar igiyar shanya. Da ya ga kaki sai ya manta duk motocin da ya taɓa a rayuwarsa.

"Ban san ta ba, Yallaɓai. Motoci da yawa suke zuwa."

Sufeto ya ajiye katin a kan teburi, ya nuna wani kwali a buɗe mai ɗauke da irin maɓallin sak.

"Kwalin na guda goma ne, saura tara. Mu ƙarasa maganar a nan ko a ofis?"

Rewaya ya goge hannunsa a wando. "Ni na sa masa. Kwana huɗu ke nan. Amma ba laifi ba ne, wallahi."

"Me yake yi?"

"Motar nan in ta kwana, da ka kunna ta injin fetur yake tashi ya ɗumama kansa. Wannan maɓallin waya biyu ne kawai, a haɗe da kwamfutar motar a bayan dashbod. In ka danna, injin ba zai tashi ba, batir kaɗai zai ja ta. A hankali dai, kuma ba nisa."

"Babu ƙara?"

"Akwai wata 'yar sifika a gaba da ke yin ƙara don masu tafiya a ƙasa. Ya ce in cire wayarta."

"Ka cire?"

"Na ce masa ba kyau. Ya ce daga rumfa zuwa titi ne kawai."

"Ya faɗa maka dalili?"

"Dariya ma muka yi. Ya ce tsohonsa kunne gare shi kamar na zomo, ba ya son ya riƙa jin fitarsa."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya ce wa Saja ya rubuta bayanin, Rewaya ya sa hannu, ya kuma biyo su.

Bayan la'asar suka samu mai kemis a tsakar gida yana karɓar gaisuwa. Sufeto ya jira mutane suka ragu, sannan ya miƙa masa makulli.

"Ja min motar nan baya kaɗan. Ina son ganin ƙasan."

Mutumin ya shiga. Ya kunna, injin ya tashi da ƙararsa.

"Kashe. Yanzu ka yi yadda ka yi da safe."

"Ban fita da safe ba, Yallaɓai."

"Na sani, ba ka kai ga fita ba. Danna baƙin maɓallin."

Mai kemis ya ɗaga kai, ya hango Rewaya tsaye a bakin get tare da Saja. Ya daɗe yana kallon sitiyari. Sufeto ya zura hannu ta taga ya danna da kansa, ya ce ya kunna ya sa ribas. Motar ta silalo baya taku biyu. Ban da ɗan murƙushin tsakuwa ƙarƙashin taya, ba a ji komai ba. Ƙanwar, da ke tsaye a ƙofar kicin, ta dafe bango.

"Sandarsa tana cikin gida," in ji Sufeto. "Tsumma yana hannunsa. Rabin bambarka a wanke. Ka faɗa da bakinka, ko in faɗa maka a gaban ƙanwarka?"

Mai kemis ya fito ya zauna a ƙasa, nan inda ya tsaya.

"Shekara tara," ya ce. "Kullum da na tayar da mota sai ya fito ya buɗe min get, sai ya ce, 'Mu je tare, in zauna maka a shago.' In na tafi da shi, ya wuni yana ba masu sayen magani labarin rediyo. In na ce a'a, ya ce babu komai, in wuni da muryar a kunnena. Na gaji, Yallaɓai. Ba ƙin sa nake ba, gajiya na yi. Na ce bari in riƙa zamewa kawai."

"Yau fa?"

"Na buɗe get a hankali, na koma ɗauko jakata. Na fito ta ƙofar falo, na shiga ban ko rufe ƙofar motar ba. Ban duba madubi ba. Idona yana kan tagar ɗakinsa, kar ya fito. Sai na ji ta hau wani abu."

"Da ransa?"

"Babu. Na duba, aikina ne, na san babu. Sai na jiyo motar shara daga kwana. Na ɗauke shi na kai bakin titi, na mayar da mota, na shiga ɗaki."

"Kana ji ana dukan direban?"

"Ina ji."

Wannan ce amsar da Sufeto ya fi jin zafinta. Hatsari yana iya samun kowa, amma mutumin nan ya zauna a ɗaki yana sauraron ana fasa bakin wanda ya tsaya taimakon ubansa.

"Abin da ban gane ba," in ji mai kemis, "me ya kai shi bayan motar? Bai taɓa wanke ta ba."

Ƙanwar ce ta amsa, ba tare da ta dube shi ba.

"Jiya da yamma ya ce in samo masa tsumma. Ya ce, 'Kwana uku ban ji tashin motar yayanki ba, sai dai in laluba rumfa in ji wayam. Na gane, na dame shi ne. Ba zan ƙara cewa ya tafi da ni ba. Tunda ba na buɗe masa get, bari in riƙa goge masa ita kafin ya fito, kar in zauna ban yi masa komai ba.' Ya ce kar in gaya maka, Yaya. Wai kar ka ji kunya."



Sufeto ya ciro waya ya kira ofis, ya ce a fito da direban daga sel, a bar matarsa ta ba shi abincinsa, a kuma kai shi asibiti a duba idon. Saja ya sa wa mai kemis ankwa, ya ɗaga shi. Da za su wuce ta bayan motar, mai kemis ya ja ya tsaya yana kallon rabin bambar da aka goge, har sai da Saja ya taɓa masa kafaɗa.

Suka sa shi a bayan motar 'yan sanda. Tsohuwar mota ce, sai da direbanta ya murza makulli sau biyu kafin ta kama, ta cika layin da ƙara. Mai kemis ya sa hannayensa masu ankwa ya toshe kunne ɗaya, ɗayan bai samu abin toshe shi ba.