Takalmin Ƙafar Hagu

"Ƙafa ɗaya nake so, ta hagu, lamba arba'in da biyu."

Da wannan maganar na fara saninsa. Ina jera kwalaye a shagon takalman Babanmu, na ɗaga kai na ga dogon saurayi a kan sanduna biyu, wandonsa na dama a ɗaure a gwiwa.

Baba ya ce, "Samari, ba a raba takalmi a shagona. Ɗayan wa zan sayar wa?"

"Baba, ni ma ba da son raina aka raba nawa ba."

Dariya ta ƙwace mini, Baba ya harare ni.

Bayan kwana uku sai ga shi da wani gajere mai ƙiba, shi kuma ta dama ce ta rage masa.

"Baba, ga ɗaya ƙafar na kawo! Lambarmu ɗaya."

Takalmin ƙwallo suka saya, kowa ya ɗauki nasa suka bar mana kwalin. Ashe ƙwallon masu ƙafa ɗaya suke bugawa, da sanduna suke gudu. A fili Hagu da Dama ake kiran su. Nawa shi ne Hagu. Hatsarin mota ne ya raba shi da ƙafar yana shekara sha tara.

Daga nan ya maida shagonmu hanya. Yau igiyar takalmi, gobe ma igiya.

Na ce, "Wai ƙafa ɗaya igiya nawa take ci?"

"Ba igiyar ba ce, sanyin idona... mai sayar da ita ce."

Ranar sau biyu ina ba wata mata takalmin da ba lambarta ba.

Da kawunsa ya zo da maganar aure, Baba ya ce, "Yaron kirki ne, ban ƙi shi ba. Amma ba zan ba da 'yata ta zama sandarsa ta uku ba."

Na sha kuka. Tun rasuwar Innarmu ni da Baba muke riƙe da juna. Na ce wa Hagu, "Ina son ka, Allah ya sani, amma ba zan tsallake maganar Baba ba."

"Wa ya ce ki tsallake? Share hawayenki."

Washegari ya shigo shagon fuska a ɗaure.

"Baba, ranar Asabar muke wasan ƙarshe na kofi. Dama ya ce takalminka jabu ne, ba zai kai ƙarshen wasa ba."

"Jabu? A shagona?! Ƙarfe nawa ne wasan?"

Ranar Asabar Baba ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Da farko ƙafafunsu kawai yake kallo. Can aka kwashe Hagu ya faɗi tim! Baba ya zabura zai shiga fili, kafin ya taka biyu Hagu ya miƙe ya wuce da gudu. Saura kaɗan a tashi, Dama ya ɗago ƙwallo da ta dama, Hagu ya kafa sandunansa ya yi lilo, ya narka ta a raga da ta hagu.

Baba ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

"Takalmina ne! Duka biyun daga shagona suke!"

Ni da Baba muka kama hanyar gida. Sai ya ce, "Ni mai ƙafa biyu ban iya rabin gudun nan ba. Ki ce kawun nasa ya dawo."

Shekara goma sha ɗaya muka yi da aure, 'ya'ya mata biyu, kofuna huɗu a kan kabad. Ban taɓa zama sandarsa ba, shi ne ma tawa. Bara zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Allah ya jiƙanka, Haguna.

Watan jiya Dama ya zo ya sayi sabon takalmi. Ya zare na dama, ya turo mini na hagu kamar yadda ya saba in kai gida... sai ya tsaya.

"Ki yafe mini, matar abokina. Hannuna ne ya saba."

Muka yi kuka, muka koma dariya, muka sake kuka.

Baba, da yanzu sai zaman kujera a bakin ƙofa, ya goge idonsa ya ce, "'Yar nan, ɗora shi a gaba, inda za a gani. Wani mai ƙafar hagu zai zo. In ya zo ki ba shi."

Yana nan a kan kantar shagon, kullum da safe nake goge shi. Yanzu a shagonmu ana raba takalmi.