Amsar da Ta Bayar a Zauren Babanta

"Ke yarinya, ɗago ki dube shi. Kin san shi?"

Amatullah ba ta ɗago ba. Ta ina za ta ɗago? Zauren babanta ne, Malam Sha'ibu yana zaune a kan buzunsa, ga ƙannensa biyu, ga mai unguwa, ga rabin mazan Pauwa sun cika ƙofar gida. A tsakiyarsu 'yan sanda sun durƙusar da Abdulgafar, hannuwa ɗaure ta baya, ido ɗaya ya kumbura ya rufe.

Abdulgafar ɗinta...

Ɗan sandan ya sake tambaya, yana buga biro a kan littafi. Ya ce ranar Talata an tare hanyar Faskari zuwa Sabuwa an kashe wani falken hatsi, an kuma nuna wannan mutum. Shi kuwa ya rantse daga la'asar har gab da magariba yana bakin rafi tare da ita. Gaskiya ne ko ƙarya?

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"A'a..." ta ce, muryarta da ƙyar ta fito. "Ban san shi ba."

To don Allah, wace ɗiya ce a duk ƙasar Ƙanƙara za a tambaye ta saurayi a gaban ubanta ta ce ta san shi? Ko wanda ya kawo kayan sa rana ne, ai "ban san shi ba" ake cewa. Kowa a zauren ya san haka. Kowa ya san amsar gaskiya ba a zaure ake karɓar ta ba, gwaggo ake turawa cikin ɗaki ta tambayo a asirce. Abin da Amatullah take jira ke nan. Tana shiga gida ta zauna bakin gado, ta shirya maganarta tsaf, tana sauraren takun Gwaggo Indo.

Ƙarar mota ta ji maimakon haka. Sun riga sun sa ta dangwala yatsa a takarda, sun tafi da shi.

Ba a yi mamakin shirun Malam Sha'ibu ba. Sau biyu Abdulgafar yana turo manya, sau biyu ana mayar da su. Ba a same shi da wani aibu ba: mai gyaran injin niƙa ne daga Mabai, mai salla, hannunsa kullum cikin baƙin mai. Laifinsa ɗaya, ubansa Ɗanlahadi Bamaguje ne da ya musulunta da girmansa. Malam ya fi son Maharazu ɗan ƙaninsa, wanda ya shiga 'yan sa-kai yake yawo da bindigar toka a kafaɗa. Maharazun nan kuwa shi ne ya je ofishin 'yan sanda ya ce ya ga babur ɗin Abdulgafar a wurin da aka yi kisan. Su kuma an matsa musu daga sama su kawo mai laifi, ba su tsaya neman na biyu ba.

Washegari Gwaggo Indo ta ja ta har ofishin, Amatullah tana kuka tana cewa kunya ce ta sa ta. Wanda ke kan kanta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce magana ta shiga takarda, idan ta sake ta kuma ita ma sai ta kwana a ciki don ta yi wa hukuma ƙarya. Ya ƙara da cewa ai mutumin nasu ma ya amsa laifinsa.

A ranar bai amsa ba tukuna, amma daga baya ya amsa kam. Kwana tara yana rataye da hannu ana dukan tafin ƙafarsa, a na goma aka miƙo masa takarda da Turanci, wanda ko harafi ɗaya bai sani ba, ya dangwala.

Shekara huɗu aka yi ana ɗage shari'ar. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe babu motar ɗauko fursuna, jibi fayil ya ɓata. Lauyan da aka ba shi a bakin kotu kawai yake ganinsa, bai taɓa tambayar wace ce yarinyar bakin rafi ba. Ran da aka zauna da gaske, mai gabatar da ƙara ya karanto "ban san shi ba" ɗinta, ya karanto takardar amsa laifi, aka yanke wa Abdulgafar hukuncin kisa. Aka mayar da shi gidan yari yana jiran ranar da ba wanda ya faɗa masa.

Amatullah ta ƙi Maharazu, ta ƙi duk wanda ya biyo bayansa. Sa'o'inta suka yi aure suka yi goyo, ita tana nan tana ramewa. Mata a gidan biki suka riƙa nuna ta da baki, wai ga mai jiran ɗan fashi.

Sau ɗaya tak ta samu ganinsa. Gwaggo Indo ce ta ce wa Malam asibitin ido za ta raka ta. Da aka fito da shi bayan wayar ƙarfen da ta raba fursuna da masu ziyara, sai da ya yi murmushi kafin ta gane shi. Wuyansa ya zama siriri, yana tari yana ɓoye tsumman da yake goge baki.

"Ni na kashe ka," ta ce. "Da bakina..."

"Amatu, daina. Hasken idona, daina mana." Ya jingina goshi da wayar. "Wallahi a ranar ko haushinki ban ji ba. Da kin buɗe baki a gaban Baba kin ce kin san ni, ai da ba ke ba ce. Kunyar nan na gani na so ki."

"Kunyar banza da wofi."

"Ba laifin kunya ba ne. Masu biro ne ba su tambaya yadda ake tambaya ba."

Gandiroba ya buga sanda a ƙofa, lokaci ya cika. Har aka juya da shi yana waiwayenta.

A shekara ta bakwai wata lauya, Barista Rukayya, mai bin gidajen yari tana duba shari'o'in marasa gata, ta ci karo da fayil ɗinsa. Ta ga an rubuta takardar amsa laifin ba lauya, ba shaida, ba tafinta. Ta ga babu wanda ya ga fuskarsa a wurin kisan sai Maharazu, shi ma babur ya ce ya gani. Ta ɗaukaka ƙara, ta samu kotu ta yarda a saurari sabuwar shaida, sannan ta hau motar haya ta zo Pauwa da kanta. Ta ce wa Malam Sha'ibu komai ya rataya a kan ɗiyarsa, sai ta tsaya a gaban alƙalai ta faɗi abin da ba ta faɗa a zaure ba.

Malam ya tsufa, ido ya fara yi masa gardama. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya sa aka kira ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, daidai inda ta durƙusa wancan karon.

"Ran nan na san kunya kika ji," ya ce. "Na sani sarai, na yi shiru, don na ga an ɗauke mini shi daga ƙofar gida. Shekara bakwai ina salla da wannan abu a wuyana. Shirya, ɗiyata, ni zan kai ki."

Ta faɗa kuwa. A gaban alƙalai uku, a gaban babanta, da mayafinta a kafaɗa ba a fuska ba, ta faɗi rafin, ta faɗi lokacin, ta faɗi har tsamiyar da ya jingina babur ɗinsa. Ba a kawo Abdulgafar ba, an ce babu mota. Bayan mako uku kotu ta soke hukuncin ta wanke shi tas.

Malam da kansa ya aika Mabai a ce wa Ɗanlahadi ya turo manya, an ba ɗansa. Gwaggo Indo ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Amatullah ta kwana biyu tana dakan fura, ta tuna yana son ta da yaji sosai.

Takardar sallamarsa ta yi kwana goma sha ɗaya kafin ta tashi daga kotu ta isa gidan yari. Ba nisa ba ne, sa hannu ake jira.

Ran da suka je ɗauko shi, ita da Malam da lauyar, gandiroban ya daɗe yana jujjuya takardar bai dube su ba. Daga ƙarshe ya ce tarin ya tsananta, an kai shi asibiti shekaranjiya. Ya ce su bi shi.

Da suka isa asibitin, ba ɗakin marasa lafiya ya nufa da su ba. Ya zagaya da su baya, wani ɗaki mai sanyi, inda wani ma'aikaci ya ɗauko littafi da biro. Ya ce mutumin ya cika jiya da hantsi, kuma doka ba ta yarda a ba da gawa ba sai wani ya shaida ta. Ya yaye farin ƙyallen zuwa ƙirji.

"Wa ya san shi a cikinku?"

Ƙwaryar furar tana hannunta, ba ta ma san tana riƙe da ita ba. Ta ajiye ta a ƙasa a hankali. Malam Sha'ibu ya dafa bango, hawaye na bin gemunsa.

"Faɗa masa, ɗiyata," ya ce.

Ta matsa kusa ta dubi fuskar da kyau, abin da ba ta yi ba a zaure. Ya rame ƙwarai, amma shi ne.

"Na san shi," ta ce. "Abdulgafar ne, ɗan Baba Ɗanlahadi na Mabai. Ranar Talatar nan yana tare da ni, daga la'asar har gab da magariba. Shi nake so tun ina da shekara goma sha takwas. Rubuta duka, malam... don Allah kada ka bar ko kalma ɗaya."

Ma'aikacin ya dubi layin da ke littafinsa. Wurin suna ne kawai da wurin yatsa.

Ta dangwala.