Buhunan Shuni

Kakar farko ce bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi. Ofishin 'yan sanda na Argungu ko motar kirki babu, sai babur ɗin Sufeto Muhyiddeen, wanda sai an tura yake tashi. Da hantsi Alhaji Hodi, babban manomin shinkafar fadama, ya shigo yana salati, wai an kwashe buhunan zakkar da ya ware wa talakawa.

Kowa ya san buhunan. Alhaji kan shafa musu shuni don kada su gauraya da na sayarwa, da kuma, mu faɗi gaskiya, don a gani a yaba.

A sito Sufeto ya tarar da kwaɗo a buɗe, ba a fasa shi ba. Ya lura sarai, amma an riga an shimfiɗa masa darduma, ga fura mai sanyi.

"Tamba na, masuncin nan," in ji Alhaji. "Kullum shina raɓe nan, shina tambayar yaushe za a raba."

Muhyiddeen bai tsaya dogon tunani ba. Ya sa wa Tamba ankwa a ƙofar masallaci, jama'a na fitowa daga azahar. Tamba bai yi musu ba, ya dai roƙa a bar shi ya sa takalmansa.

A gidan Tamba, matarsa Kulsumi da kanta ta ɗaga wa Sufeto kowane labule. Tukunya a kife, murhu ba wuta. Ta ce zakkar bara ce ta riƙe su, har mijinta ya tara kuɗin kifi ya sayi sabuwar komar kamun kifi.

"Yallaɓai, wa ka satar abin da za a ba shi?"

Sufeto ya fita ba tare da ya dube ta ba.

Ya biya wurin Liman Abdussamadu. Liman ya jajanta, ya ce Alhaji dai ya sauke nauyi, domin zakkar da aka ware ta salwanta ba da sakaci ba, ba a sake fitar da ita.

"Hakanan nig gaya mishi da yat tambaye ni."

"Yaushe ya tambaya?"

"Ran Juma'a."

"Malam, jiya Litinin aka yi satar."

Liman ya ajiye tazbaharsa.

Washegari Sufeto ya tura babur sai kasuwar Birnin Kebbi. Shafi'u, dillalin da ke sayen shinkafar Alhaji, ya rantse bai ga buhu mai shuni ba. Amma a lungun rumfarsa akwai buhunan da ɗinkinsu ke waje, alamar an juya su. Sufeto ya kwance bakin ɗaya, ya tura hannu gefe ya ɗebo. Shinkafar ta fito da shuɗi-shuɗi, har tafin hannunsa. Nan take Shafi'u ya tuna wanda ya kawo su.

Da Sufeto ya koma Argungu, ya zarce gidan Alhaji Hodi ya nuna masa tafin hannunsa, sai Alhaji ya ce:

"Shinkafa ta yi tsada bana. Nig ga ɗaya cikin goma ta yi yawa. Don Allah, kada a sa min ankwa gaban mutane."

Ta ƙofar baya aka fita da shi, hannu sake. Muhyiddeen ne ya ba da wannan umarni, kuma tun kafin ya rufe baki kunya ta rufe shi.

An saki Tamba, an dawo da buhunan, Liman ya raba. Kowa ya zo ban da Tamba, wanda tun da ya koma gida bai leƙo waje ba, ko bakin gulbi. Sufeto ya ɗora rabonsa a babur, ya kai har zaure, ya yi sallama ya ba da haƙuri.

Daga ciki Tamba ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Aje nan, Yallaɓai, mun gode. Amma ba nan kak kama ni ba."

Daidai nan ladan ya kira azahar. Muhyiddeen ya cire hularsa ta aiki, ya bar babur ɗin a ƙofar zaure, ya nufi masallaci da ƙafa.