Tsallen Ramin Ƙaya

Auta ta jefar da rimot ɗin gem a kan tebur, ta fisge wayar kwamfutar daga jikin bango. Allon ya mutu.

Dogo, wanda ke kiranta Zinariya, ya ɗago kai daga tasa kwamfutar.

"Haba, Zinariya! Saura ƙiris fa..."

"Kar ka ƙara ce min saura ƙiris!"

"Wallahi yatsanki ne ya makara. Da kin danna kafin ƙafarsa ta bar dutsen..."

"Sau ɗari uku da sha ɗaya, Dogo. Sau ɗari uku da sha ɗaya ina faɗawa ramin nan ina mutuwa, kai kana zaune kana ba ni labarin yatsa."

Ya yi dariya. Dariyar ta fi ramin ƙona mata rai.

Shekara biyu ke nan suna aiki a wannan ɗaki da ke saman shagon mai facin taya. Tebur biyu, fanka mai kukan tsohuwar akuya, da bango da takardun zanenta suka rufe. Gem suke haɗawa, wato wasan kwamfuta, su biyu rak, babu kamfani a bayansu. Shi ke rubuta abin da ke motsa komai, ita ke zana duk abin da ido zai gani. Labarin wani ɗan mahaƙi ne mai fitila da ya rufta cikin tsohon gari a ƙarƙashin ƙasa. Babu taswira, babu mai nuna hanya. Mutum zai yi ta tsalle yana laluben ƙofofi, in ya kuskure ya mutu, a mai da shi bakin kogo ya sake. Dogo yana alfahari da wahalarsa. Yakan ce gem ɗin da bai sa mutum cizon yatsa ba, na yara ne.

Kowane kogo ita ta zana shi, ban da ɗaki ɗaya. Kwana tara da suka wuce ya ƙara shi a ɓoye, a bayan wani rami mai ƙayoyin ƙarfe. Tsalle uku ne a jere, bango zuwa bango, dutsen tsakiya kuma yana rugujewa da zarar an taka shi. Ya ce mata akwai saƙo a ciki, nata ne.

Ita kuwa hannunta na fensir ne. Ya sani.

"Baba ya ce ƙarshen wata," ta ce. "In ba ka zo ka gan shi ba, na bar hawa benen nan ke nan."

"Na sani."

"Ka sani, sai me?"

"Amsar tana cikin ɗakin."

"Ga ni a gabanka! Taku biyu ne tsakanin teburina da naka. Ba ka da baki ne?"

Ya sosa ƙeya, ya mai da ido kan allonsa.

"Abin da aka samu a banza ba ya daraja, Zinariya. Ina so ki isa da kanki... ki ji daɗin da ake ji."

Ta dube shi. Dogon wuya, riga a karkace, idanu jajur saboda aiki. Wannan mutumin ne ya taɓa tafiya a ƙasa cikin ruwan sama don ya kawo mata littafin zanenta da ta manta. Ta so ta shaƙe shi. Sai ta tsuguna ta mai da wayar jikin bango.

Ba ta kai ga zama ba ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Walƙiya ce, wadda ke buga gem a gaban kyamara mutane dubu arba'in suna kallonta. Dogo ya ba ta kwafin gwaji don ta tallata musu, tun daga nan ta mai da ofishin gidan ƙanin ubanta.

"Gwanina, sannu da aiki!" ta ce wa Dogo. Sannan ta leƙa allon Auta. "Au! Har yanzu kina nan? Ƙawata, wai me ke bayan ramin nan da kike ta kashe kanki a kai?"

"Saƙo ne. Ba naki ba ne."

Walƙiya ta dubi Auta, ta dubi Dogo da ya sunkuyar da kai, ta yi wani guntun murmushi.

"To, Allah ya ba da sa'a."

A gida Baba yana bakin teburinsa, gilashin gyaran agogo a maƙale a ido ɗaya. Shekara arba'in yana wannan sana'a, kuma bai taɓa yarda cewa abin da 'yarsa take yi aiki ba ne.

"Ya ce yaushe zai zo?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Yana shiri, Baba."

"Shiri. Yaƙi zai tafi?"

Ta ajiye jakarta a kan kujera.

"Mutumin da sana'arsa wasa ce, aurensa ma wasa zai zama. Na faɗa miki."

Yayarta, wadda ta dawo daga aikin asibiti tana cire takalmi, ta kwashe da dariya.

"Baba, ai ba ka ji komai ba. Wai sai ta tsallake rami kafin ya faɗa mata yana sonta. Ni nawa mijin a layin karɓar magani ya faɗa min, ko kunya babu."

"Yaya, don Allah!"

"Ƙarya na yi? Dubi babban yatsanki. Har ya kumbura. Kawo in sa miki magani, amaryar rami."

Kwana uku bayan haka, da la'asar, Auta tana shanya kaya sai ta ji Yaya tana ƙwala mata kira daga falo. Muryar babu wasa a cikinta.

"Zo ki gani. Zauna tukuna."

Ta miƙa mata waya. Walƙiya ce a gaban kyamara, tana buga gem ɗinsu kai tsaye. Ga ɗan mahaƙin a bakin ramin ƙaya. Tsalle ɗaya. Biyu. Dutsen ya ruguje a bayansa. Uku.

Ta wuce. Karo na huɗu kawai.

Ɗakin ya buɗe. Auta ta gan shi a karon farko, a wayar wata, ta hannun wata. Fitilu ne jere a bango, irin waɗanda ita ta zana, ya kwafe su ya cika ɗakin da su. A tsakiya rubutu ya fito a hankali:

"Ke da kika iso nan, ke nake jira. Ki aure ni."

Babu suna.

Walƙiya ta dafe ƙirji, ta rufe baki, har da matso hawaye.

"Wayyo Allah! Jama'a, kun gani? Shi ya ba ni kwafin nan da hannunsa... Gwanina, na amince! Na amince!"

Saƙonnin masu kallo suna ta gudu a gefe kamar tururuwa. Masu taya murna, masu tambayar ranar biki.

Auta ta ajiye wayar a hankali. Sai a lokacin ta ga Baba tsaye a bakin ƙofa, gilashinsa a hannu. Ya ga komai. Ya juya ya tafi. Da ma zaginta ya yi, da ya fi sauƙi.

Washegari da safe ta hau benen, ba ta ko amsa gaisuwar mai facin taya ba. Dogo ya miƙe tsaye yana ganinta.

"Zinariya, ki saurare ni..."

"Ina ji."

"Mantawa na yi ban cire ɗakin daga kwafinta ba. Wallahi mantawa! Ban zaci wani zai bi ta nan ba, hanyar a ɓoye take."

"Ita ta ga inda nake mutuwa kullum. Me ya hana ka sa sunana?"

"Ai ke kaɗai na gina wa..."

"Ka gina wa mai saurin yatsa. Ta zo ta ɗauka."

"Ta san ba nata ba ne! Na kira ta, ta ce wasa take yi, talla ce."

"To, madalla. Ɗauki wayarka ka faɗa wa mutane haka. Yanzu."

Bai ɗauka ba. Ya juyo mata da allon kwamfutarsa.

"Dubi nan. Jiya da safe mutum ɗari shida ke jiran fitowar gem ɗin. Yanzu dubu goma sha tara. Dubu goma sha tara, Zinariya! Shekara biyu muna roƙon a kalle mu, ba wanda ya waiwayo. In na ƙaryata ta yau, mabiyanta za su yi mana ca, su watse. Ki bari ya fita tukuna..."

Ta daɗe tana kallon lambar. Ita ma ta yi mafarkin irinta. Zanenta ne mutanen nan za su gani, kogon da ta yi wata biyu tana gyara inuwarsa. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, ta fahimce shi sarai.

Ta ɗauki jakarta, ta kwashe fensiranta, ta bar takardun bango.

"Ina za ki?"

"Gida. Can ba a tsalle kafin a yi min magana."

Kwana biyar ba ta ɗaga kiransa ba. A kwanakin nan Walƙiya ta saka hoton hannunta da zobe, ta rubuta wai sirri ne. Ƙawayen Auta suka yi ta kira, masu jaje da masu son jin gulma. Wata maƙwabciya har gida ta zo, wai ta ji an ƙwace wa Auta miji a cikin kwamfuta, tana so ta ji yadda ake yi. Yaya ce ta raka ta ƙofa da magana mai zafi.

Rana ta shida da hantsi aka yi sallama. Dogo ne, cikin riga mai guga, ya yi aski, jakar kwamfuta a kafaɗa. Baba ya sa aka shigo da shi falo, ya ce a kira Auta. Yaya ta tsaya a bakin labule, ta harɗe hannu.

Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Ga ta, ga ni. Me ke tafe da kai?"

Dogo ya fara zuge jaka.

"Baba, na gyara ɗakin ne. Na sa sunanta, na kuma rage faɗin ramin, yanzu ko..."

"Rufe wannan abin," in ji Baba. "Da baki ake magana a gidan nan."

Ya rufe. Ya goge tafin hannu a gwiwa. Gumi ya tsatso masa a goshi, mutumin da ke iya yi wa kwamfuta magana wuni guda.

"Baba... ina son Auta. Tun ranar da ta zana min fitilar farko, ta ce tawa kamar tukunya take. Ban iya magana ba, shi ya sa na ɓoye a can. Na yi wauta." Ya juyo gare ta. "Zinariya, ke nake so. Ba ni da wata. Ki aure ni."

Idanunta suka ciko. Shekara biyu take jiran wannan, ga shi ya fito a karkace, da rawar murya, ya kuma fi duk fitilun ɗakin can kyau. Yaya ma ta warware hannun da ta harɗe.

"Na ji," Auta ta ce a hankali. "Ita fa?"

"Wa?"

"Wadda duniya ta sani a matsayin amaryarka."



"Mun yi magana. Ranar da gem ya fita, ita da kanta za ta ce wasa ne. Kwana takwas kawai. Kafin nan mu bar maganarmu a cikin gida... kar a ji a waje."

"Wato in zama sirri, ita ta zama labari."

"Kwana takwas ne, hasken idona! Aikinki ne fa a ciki, ba nawa kaɗai ba. Ki tuna wahalar da muka sha."

"Yau da safe ta saka hotonka, ta rubuta 'nawa'. Ka gani?"

"Na gani."

"Ka ce mata me?"

Ya mai da ido kan jakar kwamfutarsa.

Baba ya yi gyaran murya. Auta ta zaci korarsa zai yi. Sai ta ji ya ce:

"Yaron nan ya zo da ƙafarsa, ya faɗa da bakinsa. Ban zaci zai iya ba. Kowace sana'a tana da ranar kasuwarta, na san wannan. Kwana takwas ba shekara ba ce, Auta. In kina sonsa, ki yi haƙuri ki jira."

Dogo ya ɗago da sauri, fuskarsa ta washe. Yaya ta buɗe baki don mamaki. Duk suka zuba mata ido.

Tana sonsa, babu amfanin musu. Amma ta san shi kamar yunwar cikinta. In gem ya fita ya karɓu, zai ce a bari kasuwa ta zauna. In ta zauna, zai ce ana shirin na biyu. Kullum da sauran ƙiris.

"Ga wayarka nan a aljihu," ta ce. "Layi ɗaya ne. Ka rubuta cewa ba ita ba ce. Ba sai ka ambaci sunana ba ma."

Ya kai hannu aljihu. Ya taɓa wayar. Hannun ya tsaya a nan.

"Zinariya... don Allah. Kwana takwas."

Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta share ido da bayan hannu.

"Baba, ka yafe min." Sannan ta dubi Dogo. "Ba zan jira ba."