Takun da Kyaftin Ta Ji

Umma tana guga a falo Kyaftin ta shigo, takalman gudunta rataye a wuya, ta zube kan kujera ko sallamar kirki ba ta yi ba. Tun da aka ba ta shugabancin 'yan gudun miƙa sanda na makarantarsu sunanta na yanka ya ɓace, har Umma da ta haife ta Kyaftin take ce mata.

"Yau kuma wa ya taɓa min shugaba?" in ji Umma.

"Umma, ƙafar Auta ba lafiya."

"Ita ta faɗa miki?"

"Ina! Ko yanka ta za a yi ba za ta faɗa ba. Ji na yi."

Kuma gaskiya ta faɗa. A gudun miƙa sanda mai karɓa ba ta waiwaye, tana ba da baya ne ta miƙa hannu, kunnenta shi ne idonta. Auta ce ke gudu na uku, Kyaftin ta karɓa daga hannunta ta ƙarasa, don haka ta san takun Auta kamar yadda ta san muryar Umma. A satin nan takun ya canja. Ƙafar dama tana dira da ƙarfi, ta hagu kuwa tana taɓa ƙasa kamar mai tsoron ƙaya.

Umma ta kashe dutsen gugar, don ta san abin da ke cikin maganar. Auta ƙanwar Dogo ce. Dogo kuwa, wanda ke jami'a, shi ne zuciyar Kyaftin, gidajen biyu sun sani, an ce dai a bari ta yi karatu. Ga shi ranar Asabar ce gasar ƙarshe, masu zaɓen 'yan wasa daga jami'a za su zo, wadda ta burge su ta samu gurbi. Mamar Dogo, mai ɗinki, ta tattara burinta kaf ta ɗora a kan ƙafafun Auta.

"In kin faɗa, ba za su gode miki ba," in ji Umma.

"In kuma na yi shiru fa?"

Umma ta ci gaba da ninke kaya.

Washegari Kyaftin ta tare Auta a ɗakin canja kaya, bayan sauran sun fita.

"Cire safar in gani."

Auta ta fashe da kuka tun kafin ta cire. Idon sawun ya kumbura suntum, ya yi baƙi.

"Don Allah, Anti, fainal ɗin nan kawai! In na gama, wallahi da kaina zan je asibiti. Ke ma fa kina buƙata ta. In ba ni, tim ɗinmu ba zai ci ba, su kuma ba za su ɗauke ki ba!"

"Na sani."

"To me ya sa—"

"Saboda ni za a tambaya, Auta. Ba don in riƙe kofi kaɗai aka ba ni shugabancin nan ba."

Ta fita tana share ido, ta je ta sami Koci, mai horar da su, a bakin fili. Koci ya duba ƙafar sau ɗaya ya ce Auta ba za ta yi gudu ba.

Da yamma Mamar Dogo ta aiko a kira ta shagonta. Ta same ta a bayan keken ɗinki, Dogo yana tsaye a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Kyaftin ta durƙusa ta gaishe ta, Mama ba ta amsa ba.

"Ashe haka kike? Ɗan targaɗen da man zafi zai warkar, shi ne kika kai ƙara? Kin ga 'yata za ta sha gabanki a idon mutanen jami'a, kika ture ta gefe!"

"Mama, wallahi ba haka—"

"Kar ki ƙara ce min Mama! Wadda ta yi wa ƙanwar miji haka tun ba ta shigo ba, in ta shigo fa? Kai Dogo, ka ji da kunnenka. Ba ni ba ita, ba kai ba ita."

Kyaftin ta dubi Dogo. Kalma ɗaya take jira daga bakinsa, ko da "ki yi haƙuri" ce. Dogo, duk tsayinsa, ya ƙi ɗaga kai. Wannan shirun ya fi faɗan Mama yi mata ciwo, ta tafi gida tana kuka a titi ko kunyar mutane ba ta ji.

Ranar Asabar aka sa wata yarinya a madadin Auta. Ta yi iya ƙoƙarinta, baiwar Allah, amma kafin sandar ta iso hannun Kyaftin an riga an bar su a baya. Kyaftin ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, duk da haka na uku suka zo. Mutanen jami'a suka ɗauki 'yan makarantar da ta ci, suka tafi. Yarinyar ta zauna a ƙasa tana rusa kuka, tana cewa ita ce ta jawo. Kyaftin ce ta ɗaga ta, ta ce, "Tashi. Tare muka gudu, tare muka zo na uku."

Daga nan ta rataye takalman ta rungumi littafi. Tunda ƙofar wasa ta rufe, saura ta jarrabawa. Wayarta ta yi tsit, ba kira ba saƙo. Sau da yawa takan ɗauko lambar Dogo ta zuba mata ido, Umma ta ce, "Ajiye. Ba ke kika yi laifi ba, kuma ba za ki sa ɗa ya saɓa wa uwarsa ba." Sai ta ajiye. Ta rame, ta yi shiru, amma ko sau ɗaya ba a ji ta zagi Mama ba.

Sakamako ya fito, ta ci, jami'a ta ɗauke ta ta hanyar jarrabawa. Ana gobe za ta tafi, da hantsi, aka yi sallama. Mama ce, Auta na bayanta da sandar dogarawa, Dogo yana riƙe da ita.

Umma ta ba su wuri. Dogo ne ya fara magana.

"Ranar nan na yi shiru, kuma har yau kunyar abin nake ji. Amma na kasa barci, don ban taɓa jin kin yi ƙarya ba. Mama ta dage man zafi ya isa, ƙafar kuwa kullum ƙara kumbura take. Na yi ta roƙo har ta bari na kai Auta aka ɗauki hoto. Ƙashin ya tsage. Likita ya ce da ta yi gudun nan da ya karye gaba ɗaya, da ƙyar ta sake tafiya daidai."

"Yanzu fa?" in ji Kyaftin da sauri, idonta kan Auta.

"Zan warke, Anti. Ya ce baɗi zan iya komawa fili."

Mama ta jawo gefen mayafinta ta rufe fuska. Da ta buɗe, hawaye ya wanke ta.

"Na ce kin tare wa 'yata gaba. Ashe naki gaban kika bari, kika tsare mata ƙafar da za ta taka nata. Ni uwarta ina gida ɗaya da ita ban gani ba. Ki yafe min, 'yata."

Kyaftin ta durƙusa a gabanta.

"Ki ce min Mama," in ji matar, "ni na hana, ni kuma nake roƙo."

"Mama," in ji Kyaftin, sai kuka ya ƙwace mata.

Haka Allah ya mayar mata da Dogo da gidansu, ba tare da ta ɗaga wa kowa murya ba. Shugabanci amana ce ta mutanen da aka damƙa maka, ko da kiyaye su zai raba ka da abin da kake so. Wanda ya riƙe amanar ya yi haƙuri, waɗanda suka kore shi su ne za su zo har gida su nemi gafararsa.